Tafin Hannun Sabtu

A ƙauyenmu, can gabashin tsibiran Aru inda jirgin Dobo ba ya zuwa sai ya ga dama, ba mu da ma'aunin kawa, naman tekun nan mai ɓawo biyu, sai tafin hannun Sabtu. In mai nutso ya fito da kawar da ake gardama a kanta, sai a ce a kai wa Sabtu. Zai ɗora hannu a kan ɓawon. In yatsunsa sun leƙa gefe, ba ta isa ba, a mayar da ita ruwa. Ba ya ƙara magana, kai ma ba ka ƙarawa, don ko ka ƙara ba ji zai yi ba. Hannun kuwa Allah ya yi shi kamar faranti, har samari kan ce da hannun liman ne ma'auni, da tuni kowa ya yi arziki.

Tun yana ɗan shekara goma sha biyu yake nutso, da tabaran katako da ubansa ya sassaƙa masa, da dutse a ƙafa, da kwando a wuya. Ba injin iska, ba tiyo. Numfashin da ka sauka da shi, da shi za ka dawo. Ɓawon muke sayar wa 'yan kasuwar Dobo su tura inda ake yin maɓallan riga, naman kuma a shanya a ci da sagu, garin da muke samu daga cikin wani itace mai kama da giginya. Lu'ulu'un da baƙi ke damunmu da tambayarsa, sau ɗaya Sabtu ya taɓa samu a shekara arba'in, ɗan mitsitsi kamar ƙwayar shinkafa. Ya ba matarsa Saoda, ita kuma ta yar da shi a wurin wanki. Teku ba ta ba shi dukiya ba, amma ta karɓi rabonta. Kunnen dama ya fashe a zurfin gaba goma sha biyar tun kafin ya yi aure, na hagu kuma ya yi ta dushewa har ya zama sai an kafa baki a jikinsa an yi ihu.

Mai kafa bakin nan shi ne Moksen, ƙanin Saoda, wanda ya shekara talatin yana riƙe wa Sabtu igiya. Wanda bai san sana'ar ba zai ɗauka riƙon igiya aikin malalaci ne, alhali ranka ne a hannun wani. Ja ɗaya, kwando ya cika. Ja biyu, ɗaga ni yanzu. In mai igiya ya tsaya kunna taba, sai dai a yi maka salla. Moksen bai taɓa makara ba. Da Saoda ta rasu ta bar Sabtu da ɗa guda, Tamrin, sai Moksen ya zama kunnensa a tudu ma. A masallaci shi ke faɗa masa abin da huɗuba ta ƙunsa, a taro shi ke faɗa masa abin da aka yanke.

"Ipar, liman ya ce marowata wuta za su shiga," zai kwartsa masa a kunne, don mu Ipar muke kiran mijin 'yar'uwa. "Sau biyu ya kalle ka!"

"Ka ce masa ni kurma ne, wa'azin bai same ni ba. Kai da ka ji sai ka tuba."

Mu kuwa mun huta, don ba mai son ya wuni yana ihu a kunnen dattijo. A haka aka wayi gari kowa ya yarda, har shi Sabtun, cewa muryar Moksen kaɗai ke shiga kunnen nan.

Shekarar da kawa ta yi ƙaranci, har mutum ya yi nutso ashirin ya fito da biyu, dattawa suka zauna suka sa sasi, wato hanin gargajiya, a Bayan Tsibiri, inda nan ne rumbunmu. Shekara uku ba mai taɓawa. Aka kafa itace a kan duwatsun murjani, aka ɗaura masa ɗanyen ganyen kwakwa, liman ya yi addu'a. Wanda zai yi tsaro kuwa ba a ko yi gardama ba. Sasi a wurinmu ba hannu kaɗai yake hanawa ba, har ido. Ba mai tsoma fuska a ruwan, ko da mai tsaron ne, domin kakanni sun ce kawar da ake leƙe ba ta girma, kuma abin da ido ya gani hannu zai bi. Sabtu ya riƙe wannan kamar karatun salla. Litinin da Alhamis Moksen ke ɗaukarsa a kwalekwale mai inji, ya sabunta ganyen kwakwa, ya ƙare wa saman ruwa kallo, su dawo. Saman ruwa kuwa ba ya ajiye sawu.

A wata na takwas wani jirgi ya zo, na wani kamfani, da injin iska da tiyo da 'yan nutso takwas masu iya yin awa guda a ƙasa. Da ɗan gari akan ci gari. Mai gari ya ba da baki, Moksen ya ba da ranaku: ban da Litinin, ban da Alhamis. Da farko mutum huɗu suka sani. Daga baya sai ga kwanon rufi yana sauka a gaɓa bandir-bandir, ana rabawa gida-gida, aka gaya wa Sabtu taimakon gwamnati ne. In baki ya ci, ido kan ji kunya. Ni mai ba ku labarin nan bandir biyu na samu, ban kuma tambayi daga ina ba, don na san amsar.

Abin da ya fi ci mini rai yanzu, a gabansa muke zancen. Yana zaune yana tufkar igiya, mu muna hirar yadda jirgin ya yi lodi jiya har ya nutse zuwa baki. Wani lokaci ya ɗago ya ga muna dariya, shi ma sai ya murmusa don kada a bar shi a baya.

Tamrin kaɗai aka ɓoye wa, don jinin Sabtu ne. A lokacin magidanci ne, matarsa Jahra da tsohon ciki. Wata Laraba bin kifi ya kai shi Bayan Tsibiri, ya ga jirgin da idonsa, ya jira ya tafi, ya sa tabarau ya sauka. Ya fito da kawa bakwai. Shi ya ce shaida ya ɗebo, wasu suka ce guzurin haihuwa yake nema. Allah ne masani. Abin da na sani dai Moksen ne ya tare shi a gaɓa kafin ya kai gida, ya ɗora hannu a ka yana kururuwar an karya sasi.

Aka zauna a barandar mai gari bayan azahar. Sabtu ya ɗauki kawar ɗaya bayan ɗaya yana ɗora hannu, kowacce yatsunsa suka rufe ta ruf. Ko ɗaya ba ta isa ba. Sai Tamrin ya miƙe. Sabtu yana ganin bakin ɗansa yana motsi, jijiyoyin wuyansa sun tashi, yana nuna teku, yana nuna kawunsa, yana nuna shi. Ya karkato da kunnen hagu.

"Me yake cewa?"

"Ipar, bari kawai. Bakina ba zai iya ba."

"Faɗi, na ce!"

"Ya ce sasinka na banza ne. Wai kai kurman banza ne, ganyen kwakwa kake gadi."

Mun ji abin da Tamrin ya faɗa, mun kuma ji abin da Moksen ya faɗa. Mu goma sha wani abu ne a barandar, ba wanda ya ko yi tari.

Hukuncin wanda ya karya sasi sananne ne: a karɓe kwalekwalensa, a rataya masa kwandon nutso a wuya, a bi shi da ganga daga masallaci zuwa bakin ruwa. Mai gari, da yake ya san abin da ya taka, ya sa Moksen ya ce a yi sassauci, kuskure ne.

"In na bar nawa yau, gobe da wane baki zan kama naka?" in ji Sabtu.

Da hannunsa ya rataya kwandon. Aka bar jaki aka yi ta dukan taiki, mata na leƙe ta ƙarƙashin sabon kwano, Jahra na biye tana kuka da cikinta a gaba. Da la'asar Tamrin ya je gidan ubansa ya durƙusa yana ta nuni da hannu. Sabtu ya juya fuska ga bango. Kurma in ya ba ka baya, ya fi ƙofar ƙarfe. Tamrin ya taɓa kafaɗarsa, ya ture hannun. Kwana biyu bayan haka jirgin Dobo ya zo, Tamrin da Jahra suka shiga da tabarma da tukunya ɗaya.

Abin da aka sata daga sasi, mai tsaro ke mayar da shi, kuma wannan ne kaɗai nutson da aka yarda masa. Akwai wani dutse a gefen nan na kusa, a zurfin gaba shida, mai tsaga a gindinsa, wanda Sabtu ya sani tun yana yaro. Ya sauka idonsa a kan dutsen kawai, bai waiga dama ko hagu ba, kada ya karya dokar da ya kori ɗansa a kanta. Ya jera kawa bakwai a cikin tsagar, ya jingina faffaɗan dutse a baki yadda ruwa zai shiga amma kifi ba zai kai gare su ba. Da ya hau kwalekwale ya daɗe yana tsane ido, wai gishiri ne.

"Na Tamrin ne," ya ce wa Moksen. "Ranar buɗewa za su fi tafin hannuna. Da kaina zan kai masa, in ce ga abin da haƙuri ke haifarwa, taso mu tafi gida. Kada ka gaya wa kowa."

"Allah ya kai mu, Ipar."

Da wannan ya rayu shekara biyu da 'yan watanni. Kwanon da aka ba shi bai rufa ɗakinsa da shi ba. Ɗakin Tamrin ya rufa, shi ya ci gaba da kwana ƙarƙashin ganyen sagu mai yoyo. Labari ya zo Jahra ta haifi mace an sa mata Saoda, ya wuni bai ci abinci ba. Duk ranar da jirgi ya zo yana gaɓa kafin kowa, yana duba fuskoki. Ya tambayi Moksen ko an aiko da saƙo, Moksen ya ce ba a aiko ba. Yana kewar ɗansa kamar ya mutu, amma ya ƙudura cewa in ya je hannu rabbana, ya zama ya ci mutuncin yaron a banza ke nan. Sai ya je da kawar nan a hannu, manya, don Tamrin ya ga abin da aka tsare.

Da wa'adi ya kusa, mai gari ya so a ƙara shekara guda. Sabtu ya ce uku aka faɗa a gaban liman, uku ce. Sai aka shirya cewa in ya fito za a ce ciwo ne ya kashe kawar, ko ɓarayi daga nesa. Ka ji wautar mutanen da suka ƙoshi.

Ranar buɗewa da hantsi kwalekwale arba'in suka yi da'ira a Bayan Tsibiri. Aka buga ganga, liman ya yi addu'a, sannan ya kau da kai kamar yadda ya saba, tsofaffi suka saki farin faranti da taba a ruwa, sadakar kakanni. Mai tsaro ke fara sauka, ya fito da kawar farko ya ɗaga sama, sannan kowa ya faɗa. Sabtu ya tofa yawu a tabarau, ya goge, ya ja numfashi, ya bi dutse.

Ƙasan kamar gonar da aka tura wa shanu. Murjani a kakkarye, sawun ƙarfe ko'ina, ga guntun tiyo shuɗi ya maƙale a dutse har gansakuka ta fito masa. Ba kawa, ba ɓawonta. Ciwo in ya kashe kawa yakan bar ɓawo a buɗe. Nan ko ɓawon babu. Ya hau ya sha iska bai kalli kowa ba, ya ce wa Moksen ya matsa gefen kusa. Moksen ya matsa da kwalekwalen. Sabtu ya sake sauka. Faffaɗan dutsen yana kwance gefe guda, an ajiye shi a hankali, ba igiyar ruwa ce ta ture shi ba. Ya zura hannu cikin tsagar har kafaɗa, ya shafa, ya sake shafawa. Ɓarawon nesa bai san wannan tsaga ba. Mutum biyu suka san ta a duniya, ɗayan kuma yana sama riƙe da igiyarsa.

Bai ja igiyar ba. A karon farko cikin shekara talatin ya kwance ta daga ƙugunsa, ya hau da ƙafafunsa, har jini na fita ta hancinsa. Ya kama bakin kwalekwale ya dube mu. Allah in ya karɓi kunne yakan ƙara ido. Kwalekwale arba'in, ranar buɗe sasi, amma ba wanda ya tuɓe riga. Ba dutsen nutso, ba kwando, tabarau ma 'yan kaɗan ne suka tuna suka rataya don kunya. Mun zo kallo ne da kayanmu na Juma'a. Ya bi mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya sami abin dubawa a ƙasan kwalekwalensa.

Moksen ya sunkuyo. "Ɓarayi ne, Ipar! 'Yan nesa ne, wallahi..."

"Bakwai ɗin fa?"

Moksen ya kau da kai. Ni da nake kusa na san amsar: da kawa ta ƙare, 'yan jirgin sun ce ba za su cika alkawarin injin da suka yi masa ba sai ya nuna musu wani wurin, shi kuwa ba shi da sauran abin nunawa sai wannan.

Sabtu bai shiga kwalekwalen ba. Ya yi iyo zuwa tudun yashi, ya zauna har ruwa ya janye, ya tako gida da ƙafa. Jirgin da ya biyo baya ya shiga zuwa Dobo, hannu rabbana.

Ya sami Tamrin a bayan wani sito kusa da tasha, zaune cikin tulin ɓawon kawa yana kankarewa da wuƙa, yana ware manya da ƙanana. Aikinsa ke nan tun da ya zo. Kawar Bayan Tsibiri da yawa ta hannunsa ta bi, ya kuma gane ta, don tamu bakinta ya fi na kowa ruwan zinariya. Tamrin ya ɗago, ya ga ubansa, ya ci gaba da kankara. Sabtu ya durƙusa a gabansa cikin ƙarnin, dattijo a gaban ɗan cikinsa.

"Ran nan a baranda, me ka ce?"

Tamrin ya fara nuni da hannu, ya ga ba za ta fisshe shi ba. Ya ajiye wuƙar. Tun da aka haife shi bai taɓa ɗaga wa ubansa murya ba, kuma ya tashi yana jin cewa muryar kawunsa kaɗai ke shiga. Ya matso, ya kafa baki a kunnen hagu.

"Cewa na yi, Bapa, zo mu je gobe ka gani da idonka! Cewa na yi kawuna Om Moksen ya sayar da kai! Sau uku na aiko maka da saƙo!"

Sabtu ya ji. Kalma bayan kalma ya ji, tas, har rawar da muryar ke yi. Ashe kunnen yana jin muryar kowa in an matso. Matsowar ce ba a yi ba. Shekara da shekaru ƙauye guda ya bar shi da baki ɗaya don ƙyuya, shi kuma bai taɓa ce wa ɗansa matso ka faɗa mini da kanka ba. Ya riƙe kan Tamrin a jikin kunnensa kamar mai tsoron a ƙwace, yana kuka ba kunya, leburori na kallo.

"Na ajiye maka bakwai ɗin," ya ce. "Sun tafi da su. Na rufa maka ɗaki. Taso mu tafi gida."

Tamrin ya sake matsowa.

"Wane gida, Bapa? Waɗanda suka bi ni da ganga suna sane? Su na iya yafe musu, ɓarayi ne. Kai ne ka rataya mini kwandon."

Kwana uku Sabtu ya yi a Dobo. Jahra ta dafa masa kifi, 'yar Saoda ta saba da shi har tana ɗora hannunta a tafin nasa tana dariya. Tamrin ya raka shi tasha, ya ɗaukar masa jaka, ya sumbaci hannunsa kamar yadda ɗa ke yi. Amma bai shiga jirgin ba, har yau kuma bai taka ƙauyenmu ba.

Da Sabtu ya dawo, ya hau ɗakin Tamrin ya ɓamɓare kwanon falle-falle, ya jera shi a ƙofar Moksen. Yana nan har yanzu ya yi tsatsa, Moksen ya kasa ɗauka ya kasa zubarwa, ta gefe yake shiga gidansa. Sabtu bai kai ƙarar kowa ba, bai zagi kowa ba. Bai sake nutso ba, don ba wanda zai ba igiya. 'Yar kawar da ta fara dawowa yanzu da sanda ake auna ta, kullum kuwa sai an yi faɗa.

Da ya gane kunnen na ji, mu ma mun gane, sai kowa ya so ya matsa ya faɗi tasa. Ni ma na je. Na shirya maganata tun daga gida, na zauna ta hagunsa a kan gungumen da yake tufkar igiya, na sunkuya. Bai yi fushi ba, bai ko dube ni ba. Ya ɗaga tafin hannun nan da muka shekara arba'in muna auna abincinmu da shi, ya rufe kunnen, ya jira har na tashi.